Waƙa Biyu da Rabi

Idan hira ta kawo zancen ranar da mutum ya fara ganin mawaƙi ido da ido, nakan ce ni waƙa biyu da rabi na ji, sai a yi dariya a wuce. Ba wanda ya taɓa tambayata ina sauran rabin ya shiga, ni ma ban cika son a tambaya ba.

Shekarata goma sha huɗu a lokacin. Babanmu mai walda ne, kuma duk unguwa an san ba ya miƙa aiki sai ya saurare shi. Sauraro nake nufi na kunne. Yana da wani guntun rodi da bai wuce tsawon cokali ba, ya yi sumul saboda daɗewa a aljihu. In ya gama ƙofa ko matakala, sai ya dafa kan rodin a jikin ƙarfen, ɗaya kan ya manna shi a bayan kunnensa, ya rufe ido, ya ce a jijjiga. Cewa yake ƙarfe ba ya karyewa sai ya yi sallama, mutane ne ba sa amsawa. Ni da Yaya mukan kira shi likitan ƙarfe, amma a bayan idonsa, don ba mu gaji da duniya ba.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ya ɗauko wurin ubangidansa, wanda ya koya masa sana'ar. Duk abin da ya haɗa wanda mutane za su hau, ranar da aka fara hawa yana nan tsaye a ƙarƙashi. Umma ta yi faɗa har ta gaji.

"Wata rana a tabarma za a kawo mana kai," in ji ta.

"Wanda ba zai iya tsayawa ƙarƙashin aikinsa ba, bai kamata ya ɗora 'ya'yan mutane a kai ba."

Iyakar amsarsa ke nan kullum, ba ƙari ba ragi.

A shekarar nan aka ba shi aiki mafi girma da ya taɓa samu. Wani tsohon gidan sinima ne aka mayar wurin wasa, Manajan wurin ya ce yana son barandar ƙarfe a bayan zauren, a kafe ta a bango da manyan notuna, a tokare gabanta da ginshiƙai biyu, a yi mata matakala ɗaya. Mako shida Baba ya yi a kanta. Ni ke kai masa abinci in na taso daga makaranta, don haka na san zauren tun yana warin ƙura da fenti. Na san har akwatin wutar da ke bayan matakala, mai babban hannu baƙi, inda yake jona injinsa. In ya tashi aiki yakan ce, "Auta, sauke hannun nan," ni kuwa in rataya da hannu biyu in ja shi ƙasa, komai na zauren ya mutu.

A gabana ya tambayi Manaja, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba:

"Mutum nawa ka ce za su hau?"

"Ɗari da ashirin."

"A zaune?"

"A zaune mana, Mai Walda. Da a kwance za su yi kallon?"

Manaja mutum ne mai ƙiba da fara'a, irin waɗanda suke dafa kafaɗarka suna magana suna kallon wani wuri. Da aka gama aiki ya ba Baba tikiti uku na ranar buɗewa. Da Yaya ta karanta sunan da ke jiki, ihun da ta yi sai da maƙwabta suka leƙo. Mai Jan Takalmi ne zai yi wasa. A lokacin ba gidan da ba a jin muryarsa a rediyo, Yaya kuwa ta haddace waƙoƙinsa fiye da karatunta. Shekararta goma sha takwas, kuma Baba bai taɓa barin ta zuwa irin wannan wuri ba. Umma ta ce ita kam a kai kasuwa, kanta ba ya son hayaniya. Saboda haka mu uku muka tafi, Yaya na gaba kamar ta zuba ruwa a ƙasa ta sha, Baba na baya da rigar aikinsa, sai ka ce gyara aka kira shi.

Ƙarfe huɗu na yamma aka sa. Tun daga bakin titi muka tarar da layi ya miƙe har ya sha kwana. Da muka biyo ta lungun gefen zauren, sai Baba ya tsaya cak. Kujeru ne jibge a jikin bango, an ɗora su kan juna a rana. Na ga leɓensa na motsi, yana ƙirgawa.

"Kujerun ina ne waɗannan?" ya tambayi mai gadi.

"Na sama ne. An kwashe don wuri ya ishi jama'a."

Baba ya sake duban kujerun. Ya sa hannu a aljihu ya taɓa rodinsa, muka shiga.

Ciki ba masaka tsinke. Fankoki na juyawa amma iskar zafi kawai suke kaɗawa, hasken rana na shigowa ta ƙananan tagogin da ke can kusa da rufi. Kafin in ankara Yaya ta hango ƙawayenta a sama suna ɗaga mata hannu, ta zame ta bi matakala. Baba ya kira ta, hayaniya ta cinye muryarsa. Shi kuwa ya kama hannuna ya ja ni zuwa inda na san zai tsaya, ƙarƙashin baranda, kusa da bango, ta ɓangaren hagu. Daga nan sai na yi ɗage nake hango dandamali. Na cika na yi fam. Ranata ta farko, an kawo ni an ajiye a inda ake jin ƙarar takalman mutane a ka.

Sai aka buga ganga.

Ba zan yi ƙarya ba, na manta da fushin nan take. Ni da na saba jin waƙa ta ɗan akwatin rediyon Umma, ban san sauti yana da nauyi ba. Gangar nan a ƙirjina take bugawa, kiɗan jita na bi ta cikin haƙorana. Da Mai Jan Takalmi ya fito, ɗan siriri ashe, bai ma kai Baba tsawo ba, ya buɗe baki ya ja baitin farko, sai tsikar jikina ta tashi. Waƙar farko mai sanyi ce, kowa na rausaya yana bin sa. Na ji daɗi irin wanda ban taɓa ji ba, har na juya in ga ko Baba ma ya saki fuska.

Idonsa a rufe yake. Rodin na manne a bayan kunnensa, ɗaya kan a jikin ƙarfen da ya fito daga bango. Mutum dubu sun zo jin mawaƙi, ubana ya zo jin ƙarfe. Kunya ta kama ni, na matsa kaɗan don kada a san tare muke.

Waƙa ta biyu ta fi sauri. Na sama suka fara taka rawa, kuma ba kowa da nasa takun ba, ganga ta haɗa ƙafafunsu wuri guda. Dum, dum, dum. Wani abu ya sauka a hannuna, na duba, ɓawon fenti ne kore. Wani ya sake sauka a gyalena. Na ɗaga kai, sai na ga ƙura na zubowa daga inda ƙarfe ya shiga bango, siririya, tana zuba tana tsayawa daidai da kiɗan.

Baba ya buɗe ido. Ya jawo ni, ya manna min rodin a bayan kunne, ya toshe min ɗaya kunnen da tafinsa. Kiɗan ya yi nisa. A ƙarƙashinsa na ji wani sauti, kamar mai barci yana cizon haƙora, yana yi yana saki. Kowane dum sai ya amsa.

"Baba, mene ne wannan?"

"Tsaya nan. A'a, zo mu je."

Muka kutsa har bakin ƙofa inda Manaja ke tsaye yana fifita da takarda, gumi na bin wuyansa, bakinsa har kunne. Baba ya kai baki kusa da kunnensa, amma dole ya ɗaga murya, don haka na ji.

"Ranka ya daɗe, mutum ya fi ɗari uku a sama, kuma tsalle suke. A tsayar da kiɗan nan a sauko da su a hankali."

"A tsayar da me?"

"Na zaune na yi wa aiki. Ka ce min a zaune."

"To ba kai ka yi aikin ba? In aikin banza ka yi min, ga makirfo can, hau ka faɗa wa jama'a da bakinka." Ya dafa kafaɗar Baba yana kallon dandamali. "Kwantar da hankalinka, Mai Walda. Ƙarfe ne fa, ba kara ba."

Na ga Baba ya dubi makirfon, ya dubi matakalar. Faɗinta bai wuce na mutum biyu ba, shi ya auna ta da hannunsa. Ko ni yarinya na gane abin da ya gani: in aka ce wa mutum ɗari uku abin da suke kai zai faɗo, matakalar nan ce za ta kashe su tun kafin barandar ta yi.

Muka koma. A hanya yana taɓa waɗanda ke tsaye a ƙarƙashi yana cewa su matsa gaba, an fi gani a can. Wasu suka matsa, wasu suka yi kunnen uwar shegu da shi. Ya sunkuyo ya ce min:

"Hau ki sauko da yayarki. Kada ki yi gudu. Kada ki gaya wa kowa komai."

"Kai fa?"

"Ina nan."

Hawan matakalar nan sai da na bi ta tsakanin ƙafafun mutane. Da na taka saman, na ji abin da ba a ji daga ƙasa. Daɓen yana numfashi. Ya nutsa, ya taso, ya nutsa, kuma mutane daɗin hakan suke ji, don yana ƙara cilla su sama. Na sami Yaya a can kusurwar hagu, jikin bango, gyalenta ɗaure a ƙugu, fuskarta sharkaf da gumi. Ban taɓa ganin ta da kyau kamar ranar ba. Daidai saman kan Baba take.

"Yaya, Baba ya ce ki sauko!"

"Ki ce ina zuwa!"

"Yanzu ya ce!"

"Ke Auta, ki rabu da ni! Sau ɗaya a rayuwata! In ya ga dama ya yanka ni a gida!"

Na ja hannunta, ta fizge. Ƙawarta ta yi dariya ta ce a bar 'yar aike ta koma. Bakina ya cika da maganar, amma na dubi 'yan matan da ke kewaye da mu, na tuna matakalar, na haɗiye. Aka gama waƙa ta biyu da tafi da bubbuga ƙafa, na sauko ni kaɗai.

Baba na nan inda na bar shi, ya miƙe sosai, tafinsa ɗaya a jikin ƙarfe. Ya ga ba Yaya, bai tambaya ba. Ina isowa wani abu ya faɗo ya bugi kafaɗarsa ya gangara ƙasa. Ya sunkuya da sauri ya tsince ya jefa a aljihu.

"Baba, mu fita."

"Je ki tsaya a bakin ƙofa."

"Mu fita tare!"

"Aikina ne, Auta."

Wallahi a lokacin nan haushinsa na ji, haushi mai zafi har da hawaye. Ga mutumin da ya fi kowa sanin abin da ke tafe, kuma duk dabararsa ta ƙare a tsayuwa. Tsayuwarsa za ta tare ƙarfe ne? Ya roƙi Manaja an ƙi, ba zai iya ihu ba, sai ya koma ga abu ɗaya da aka koya masa, ya tsaya a mutu da shi. 'Yarsa a sama, shi a ƙasa, kowanne ya fi wani taurin kai, ni kuma aka bar ni a tsakiya da zuciya ɗaya.

Aka ɗauko waƙa ta uku. Ita ce wadda duk gari ke jira, mai amshin da ake tsalle sau uku. Tun bugun farko zauren ya ɗauka. An ce in ganga ta cika zaƙi ta kusa fashewa, ni ranar na ga ma'anarsa da idona. Mai Jan Takalmi ya zo bakin dandamali ya sa hannu a kunne, ya nuna baranda.

"Na sama! Ban ji ku ba!"

Suka ba shi amsa da ƙafa. Na ga ƙarfen da Baba ya dafa ya motsa daga bango, ya koma. Ƙura ta zubo masa a ka kamar an juye gari. Ya sake sunkuyawa ya tsinci wani abu.

"Na sama! Ku nuna wa na ƙasa yadda ake yi!"

Ban yi shawara da kowa ba, ban ma san na yi da kaina ba. Na tsinci kaina a bayan matakala, cikin ɗan lungun nan mai warin fitsarin ɓera, gaban akwatin wuta. Na kama baƙin hannun da hannu biyu na rataya, yadda na saba.

Waƙar ta yanke a tsakiyar kalma. Mai ganga ya ƙara bugu biyu shi kaɗai, ya ji ba kowa, ya tsaya. Sai zauren ya ɗauki "Aaaa!" irin na an ɗauke wuta, da tsaki, da zagin masu wuta har kakanninsu. Ba wanda ya tsorata, don rana na nan ta tagogi, kuma ɗaukewar wuta ba baƙon abu ba ne. Ƙafafun da ke saman kaina suka yi shiru. Fankoki suka tsaya. Ba a yi minti biyar ba zafi ya fara koro na sama, suna saukowa biyu-biyu suna fifita da tikiti, suna mita.

Ina nan maƙale da hannun, Baba ya shigo lungun. Ya dube ni, ya dubi akwatin. Ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ya tura ni cikin masu saukowa. Na waiwaya na ga ya buɗe akwatin ya zare fis ɗin wutar duka, ya wurga su ta wata 'yar tagar lungun can bayan katanga. Sannan ya tsaya a wurin, hannu a baya, yana jiran a zo.

Aka kuwa zo. Manaja da masu gadi uku.

"Ni na kashe," in ji Baba. "Kada a sake hawa barandar nan."

"Ta faɗo?" Manaja ya daka masa tsawa, fara'ar nan duk ta gudu. "Ku duba min, jama'a! Ga ta nan tsaye! Ta faɗo?"

Ba ta faɗo ba. Tana nan tsaye kore shar, ko karkata ba ta yi ba ga mai kallo daga nesa. Da labari ya zaga cewa wani mai walda ne ya kashe wa mutane wasa, sai da masu gadin da suka fara dukansa suka koma kare shi. Na ga an mare shi, na ga takalmi ya same shi a ido. Na buɗe baki in ce ni ce, ya harare ni ta tsakanin hannayen mutane, irin hararar da ko a gida ba ma tsallakewa.

Daga ranar sunansa ya koma mahaukacin mai walda. Kusan shekara ba wanda ya kawo masa aikin da ya wuce gyaran ƙafar kujera. Barandar kuwa, bayan mako guda aka kulle matakalarta da sarƙa, aka kira wani ya ƙara mata ginshiƙai a ɓoye, ba wanda ya zo ya ce wa Baba sannu.

Amma abin da na fi tunawa shi ne washegari da safe. Yaya ta kwana tana kuka, ta ce ya kunyata ta a gaban duniya, ta ce da ma ba shi ya haife ta ba. Umma ta gasa masa ido da ruwan zafi. Na same shi a rumfar aikinsa da ke ƙofar gida, zaune kan benci, idonsa ɗaya a kumbure ya rufe. Na durƙusa na gaishe shi, na kasa tashi.

"Baba, ni ce fa na jawo maka."

Ya sa hannu a aljihun rigar jiya, ya ciro abu ya jera a kan benci. Kawunan notuna ne, manya, kowanne ya tsinke daga wuya, wurin karayar na ƙyalli kamar sabon kwabo. Biyu na ga ya tsinta. Uku ne a kan bencin.

"Guda nawa ka sa a ɓangaren?"

"Huɗu."

Na zauna a ƙasa. Na tattara kawunan notunan a hannu na ce bari in kai wa Yaya ta gani, ta san inda take tsaye jiya. Ya riƙe min wuyan hannu.

"Bar ta da fushinta. Fushi yana wucewa. Wannan in ya shiga kan mutum ba ya fita." Ya dube ni da ido ɗayan. "Ke ma da na iya, da ban bari kin ji ba."

Daga tsakar gida muka ji Yaya ta fara wanke-wanke, tana buga kwanuka da gayya. Sai ta ɗauko waƙar nan ta uku, da ƙarfi, don ta ƙona masa rai, ta kama daga daidai inda aka yanke. Muryarta ta dishe saboda kuka, amma ba ta tsallake baiti ko ɗaya ba. Baba ya karkata kai wajen ƙofa, ya rufe idonsa mai lafiyar, yadda yake yi in yana sauraron aiki. Bai motsa ba har ta kai ƙarshe.

"Ashe haka take ƙarewa," ya ce. "Tashi ki taya ta ɗauraya."